Yadda Ake Haɗa Kifin Kilaun Biyu a Ƙaramin Tankin Ruwan Gishiri a Legas

Tambayoyin da masu karatu ke ta aiko mana a kan wannan kifi ba su wuce uku ba. Wani ya sayi uku, kafin wata biyu ya wayi gari da biyu. Wani ya sayi manya guda biyu, suka kwana suna cizon bakin juna. Wani kuma nasa na zaune lafiya lau, sai ranar da aka ɗauke wuta tun magariba har hantsi. Kifin da ake magana a kai shi ne ɗan ƙaramin nan mai launin lemo da farar ɗamara uku, wanda masu shaguna ke kira clownfish. A nan za mu riƙa ce masa kilaun. Ba ɗan tekunmu ba ne. Danginsa suna tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya, babu su sam a Atlantika, shi ya sa farashinsa da na kayan kiwonsa dala suke bi.

Ga amsar a dunƙule: ƙaramin tanki na biyu ne, ba na uku ba. Su zama nau'in kilaun ɗaya, ƙanana, ɗaya ya ɗara ɗaya girma, a sake su rana ɗaya cikin ruwan da aka yi aƙalla wata guda ana renonsa. Ka bi matakan yadda aka jera su. Kifin shi ne abu na ƙarshe da za ka saya.

1. Tanki da mazauninsa

Nemi tankin gilashi mai cin lita 75 ko kusa da haka. Mai tsawon santimita 60, faɗi 35, tsayi 35 yana cin lita 73 da 'yan kai, kuma ya wadatar. Akwai masu ajiye biyu a lita 40, amma wannan ba na sabon shiga ba ne, balle a zafin Legas. Ruwa kaɗan saurin ɗumi gare shi, gishirinsa na saurin hawa, kuma kifin da ake kora ba shi da wurin gudu. Tanki mai tsawo a kwance ya fi dogo a tsaye, domin ta saman ruwa iska ke shiga.

Idan mai yankan gilashi ne zai haɗa maka, kaurin gilashin ya kai milimita 6. Gargaɗi: silikon ɗin da ake liƙe banɗaki da kicin da shi yakan zo da maganin hana fumfuna, wanda guba ne ga kifi. Sai wanda aka rubuta na tankin kifi ne.

In an cika shi da ruwa da dutse da yashi, nauyinsa zai kai kilo 100, wato buhun shinkafa biyu. Teburin roba ko na katakon garin nan mai kumbura in ya sha ruwa ba zai ɗauka ba. A ɗora shi inda yake a daidaice, nesa da tagar da rana ke faɗowa, nesa da kicin, nesa da inda hayaƙin janareta ke shigowa. A yi masa murfin raga, ba na gilashi ba. Kilaun na tsalle, musamman wanda aka matsa wa da kora cikin dare, raga kuma tana barin zafi ya fita.

Gargaɗi ga gidajenmu: maganin sauro na feshi, da fiya-fiya, da igiyar leko, duk suna sauka a kan ruwa su kashe kifi. Turaren wuta mai yawa a rufaffen ɗaki ma ba alheri ba ne gare shi. A sanar da uwargida da yara tun ranar farko cewa ba a feshi a ɗakin da tanki yake.

2. Kayan aiki, da inda kuɗin ke tafiya

Abin da ba makawa sai da shi:

- Filta mai rataya a bayan tanki, da ƙaramin famfon kaɗa ruwa. Su biyun a haɗe su juya lita 750 zuwa 1,500 a awa, wato ninki 10 zuwa 20 na ruwan tankin.
- Rifraktomita, abin auna gishiri da ake ɗiga masa ruwa a leƙa. Haidromita ta roba mai allura ta fi araha, amma ƙwayar kumfa ɗaya in ta maƙale wa allurar sai ta yi maka ƙarya.
- Ma'aunin zafi, da ma'aunin TDS mai kama da biro, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa.
- Kayan gwajin amoniya, da naitirait NO2, da naitiret NO3, da pH (ma'aunin tsamin ruwa), na ruwan gishiri.
- Dutsen teku mai ƙofofi kilo 7 zuwa 8, da yashin aragonait kilo 6, wanda zai ba ka kaurin santimita 2.
- Gishirin tankin teku, jarkoki biyu sababbi, bokiti biyu da ba su taɓa ganin omo ba, tiyo, 'yar raga, da sikelin kicin.
- Fanka ƙarama mai maƙalawa, da famfon iska mai batir.

Fitila kowace irin LED ta isa matuƙar kifi kawai za ka ajiye. Awa 8 a rana. Na'urar tace kumfa da za a yi ta tallata maka ba dole ba ce ga kifi biyu, in dai kana canjin ruwa kowane mako.

Kuɗi mai kauri wuri uku yake tafiya: tanadin wuta, na'urar tace ruwa, sai kifin kansa. Na yau da kullum kuwa gishiri ne, kuma lissafinsa a fili yake. Cikon farko zai ci kusan kilo biyu da rabi. Bayan nan canjin lita 7 a mako yana cin giram 260, kilo ɗaya da ɗan ɗori a wata. Ka tambayi farashin bokitin gishiri a ranar, ka raba, ka san abin da kake shiga kafin ka sayi gilashi.

Gargaɗi: wutarmu bolt 230 ce. Kayan da aka sayo daga Amurka galibi na 110 ne, kana jonawa sun ƙone. Duba bayan kwali. Kowace waya kuma ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa.

3. Ruwa da gishiri

A nan mutanen Legas suka fi yin asara, saboda teku na kusa. Ruwan lagun gauraye ne, gishirinsa na hawa da sauka tsakanin rani da damina, ga dattin gari. Na bakin teku ma yana ɗauke da abin da magudanai da jiragen ruwa suka zubar, da cututtukan da ba ka gani. Kada ka ɗebo. Ruwan bohol da na rijiya da wanda 'yan garuwa ke kawowa, a unguwanni da yawa akwai ƙarfe ko gishiri-gishiri a ciki. Na famfo kuma akan sa masa kulorin. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ya bi ta kan ƙarfe da ƙura, shi ma a bar shi.

Abin da ake so shi ne ruwan da na'urar RO ta tace, wato na'urar da ke cire gishiri da sinadaran da suka narke a ruwa, in da hali mai haɗe da matatar DI, mai kwashe ragowarsu. Tsoma ma'aunin TDS: sifili ake nema, in ya haura 10 kada ka yi amfani da shi. Fiya wata kowane kamfani da irin nasa, don haka ba a yarda da shi sai an auna.

Gishirin girki ba ya aiki. Ba shi da kalsiyam da magniziyam da sinadaran da ke riƙe pH, ga abin hana dunƙulewa da ake zuba masa.

Yadda ake haɗawa: zuba ruwa a bokiti tukuna, sannan gishiri a kai kaɗan-kaɗan kana motsawa. In ka juya tsarin, ka zuba ruwa a kan tulin gishiri, wani sashe zai daskare ya zama farin gari da ba ya narkewa. Ma'auni giram 35 zuwa 38 ne a kowace lita, wato kusan giram 900 ga jarka mai lita 25. Sa famfo a ciki ya kwana yana juyawa, da safe ka auna. Ana son rifraktomita ta nuna 1.025, tsakanin 1.024 da 1.026 duk daidai ne. Ba a taɓa zuba busasshen gishiri cikin tankin da ke da kifi.

4. Jera dutse da renon tanki

Dutse ake fara ɗorawa a kan gilashi, sannan a zuba wankakken yashi a kewaye, don kada ya zame daga baya. Ka yi tsibi biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, da fili a tsakani da kogo a kowanne. Wannan ba ado ba ne: ƙaramin kifin na bukatar wurin da zai ɓace wa idon babbar. Ka bar faɗin yatsu uku tsakanin dutse da gilashi saboda goga.

Cika tankin, kunna filta da famfo, sai reno. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, wadda ke ƙona wurin numfashinsa. Wasu bakteriya masu zama a jikin dutse suna mayar da ita NO2, wasu kuma su mayar da wannan NO3, mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da su, sai an rene su. Jefa ɗanyen jatan lande ƙwaya ɗaya cikin 'yar raga ya ruɓe, ko ka ɗiga amoniya ta kwalba har gwaji ya nuna 2. Bakteriya ta kwalba, ko ɗan dutse daga tsohon tanki mai lafiya, suna rage jira.

Riƙa gwaji duk bayan kwana uku. Amoniya za ta hau ta sauka, NO2 ta biyo ta, NO3 ta fara bayyana. Yawanci mako 4 zuwa 6 ne. Shaidar ya nuna ita ce ka ɗiga amoniya ta kai 2, bayan awa 24 ka tarar da ita da NO2 duk sifili. Daga nan canza rabin ruwan don NO3 ta dawo ƙasa da 20. Ƙura mai ruwan ƙasa da za ta rufe yashi a makonnin nan ba matsala ba ce, da kanta take wucewa.

Gargaɗi: ruwa ya yi garau ba ya nufin ya nuna. Amoniya ba ta da launi. Duk mai shagon da ya ce maka ka cika yau ka zuba kifi gobe, kasuwarsa yake ci.

5. Wuta da zafi, kafin kifi ya zo

Makonnin renon nan su ne lokacin gwada wannan, tun babu ran da zai salwanta.

Abin da ke kashe kifi in an ɗauke wuta ba duhu ba ne, tsayawar ruwa ce. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, in ya yi ɗumi kuma abin ya ƙara raguwa, ga bakteriyar dutse suna shaƙar tasu. Cikin 'yan awoyi a daren zafi za ka ga kifi a sama yana haki. Saboda haka filta da famfon kaɗa ruwa su hau layin inbata ko sola. Ba su da ci: su biyun wajen wat 15 ne, wat-awa 360 ke nan a awa 24. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in aka tsaya a rabinsa don kada ya lalace, zai riƙe su yini da kwana matuƙar ba a jona masa talabijin da firji ba. Fitila ba sai ta hau ba. Kifi zai yi kwanaki babu ita lafiya.

Famfon iska mai batir, irin mai tashi da kansa in wuta ta yanke, shi ne mataimaki na biyu. In duk sun ƙare, ɗauki kofi ka riƙa ɗiban ruwan tankin kana kwararo shi daga sama, sau goma duk bayan minti 15. Kada ka ba da abinci har wuta ta dawo. In filta ta yi awa shida ko fiye a tsaye, zubar da ruwan cikinta ka ɗauraye soson kafin ka kunna, don abin da ya ruɓe a ciki kada ya koma tanki.

Zafin da ake so digiri 25 zuwa 27. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ɗakin da ba sanyi zai iya kai ruwan 30 ko fiye. Fanka mai hura saman ruwa tana sauke digiri ɗaya zuwa uku; a Legas ka sa rai da na ƙasan, saboda iskar garin a jiƙe take. Rage awoyin fitila, ka mayar da su dare. Gorar ruwa daskararriya a rufe, a bar ta tana yawo a ciki, taimakon gaggawa ce kawai. In ɗakin na da na'urar sanyi da ake kunnawa da dare a kashe da rana, to kana bukatar hita mai wat 50 a saita ta a 25, ko da abin ya yi maka banbaraƙwai. Hawa da saukar digiri huɗu kullum ya fi zama a 28 cutarwa.

6. Zaɓen biyun

Wannan matakin ne ke yanke hukuncin zaman lafiya, kuma ba za ka yi shi daidai ba sai ka san abu ɗaya game da halittar kifin. Babu kilaun da ake ƙyanƙyashewa mace. Duk a layin maza suke tasowa. A cikin kowane gungu, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, mai bi masa ya zama mijinta, sauran kuma a danne su, ba girma ba haihuwa. Namiji na iya zama mace, amma mace ba ta komawa namiji har abada.

Daga nan duk dokokin suka fito. Manya biyu, kowanne daga tankinsa, mai yiwuwa mata biyu ne, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya: za su yi ta yi har ɗaya ta mutu. Uku kuma, da zarar biyu sun daidaita sai su haɗu wa na ukun kai. A teku yana da gefen da zai raɓe, a lita 75 babu. Garken kilaun da kake gani a tankin shago yara ne da ba su balaga ba, kuma yawansu ne ke raba faɗan. Ba zama ne mai ɗorewa ba.

Ka sayi ƙanana biyu, ɗaya wajen santimita 4, ɗayan 2.5 zuwa 3. Bambancin ya fito a ido. Idan girmansu ɗaya, sai sun gwabza kafin a san wa zai zama uwargida. Idan da tazara, an gama shari'a tun a leda. In ka samu biyun da suka riga suka ware kansu suna yawo tare a shago, su ne na ɗauka.

Jinsin da ya dace da ƙaramin tanki shi ne Amphiprion ocellaris, ko ɗan'uwansa Amphiprion percula. Macen takan tsaya wajen santimita 8. Baƙi da mai fararen dabbare da ake tsuga wa kuɗi, galibinsu ocellaris ne aka sauya wa launi ta hanyar kiwo, don haka baƙi da na lemo za su iya zama miji da mata. Tsadar ta launi ce, ba ta ƙarko ba. Ka guji ja mai duhun nan da ake kira maroon: macensa na kai santimita 15 ko fiye, tana kashe mijin da bai yi mata ba, har hannun mai ita take cizo. Tomato da clarkii su ma sun fi ƙarfin wannan tanki. Kuma kada a gauraya nau'in kilaun biyu.

Tambayi mai shago abu uku: na kiwo ne ko kamun teku, yaushe ya iso, kuma nawa ne gishirin ruwansa. Na kiwo ya saba da abincin gwangwani, ya fi ƙarancin cuta. Wanda bai yi mako guda da sauka daga jirgi ba, bar shi ya huta a hannunsu. Ka ce a zuba abinci a gabanka; wanda bai ci ba, ba naka ba ne. Dubi numfashi, kada ya zama haki. Dubi jiki, kada a ga farin yauƙi, ko ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, ko farin kashi mai tsawo kamar zare. In akwai mara lafiya ko matacce a tankin, fita kawai. Iyonsa na rangaji kamar mai rawa kuwa halittarsa ce, ba ciwo ba.

7. Kawowa gida, killacewa da saki

Kowanne da ledarsa, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iskar oksijin. Sa su a kula, a cikin mota ba a but ba. Lissafa goslo: tafiyar Lekki zuwa Agege ko Idi-Araba da yamma na iya cin awa uku, don haka sayen safe ya fi.

A gida, rage haske, ɗora ledojin a kan ruwa minti 15 zafi ya daidaita. Auna gishirin ledar. In ya zo ɗaya da naka, juye su a ƙaramin bokiti ka riƙa ƙara rabin kofi na ruwanka duk minti biyar har rabin awa, sannan ka kwashe kifin kaɗai. Ruwan shago ba ya shiga tankinka. Shaguna da yawa suna ajiye kifi a 1.020 ko ƙasa. In haka ne, sauke naka ya dace da nasu, ka riƙa ɗagawa da 0.001 a rana. Saukar gishiri kifi na jurewa, hawansa da sauri ne ke wahalar da shi. Gargaɗi: ledar da ta kwana a hanya, da zarar an buɗe ta amoniyar ciki ke zama guba. Irin wannan ba a jan lokaci. Daidaita zafi da gishiri, a fitar da shi.

Mafi aminci su fara yin mako 4 a tankin killacewa: roba ko gilashi mai lita 30, filtar soso da ta yi reno a babban tankin, da guntayen bututun roba na ɓuya, ba yashi ba dutse. Dalili shi ne magani. Ciwon farin ɗigo ana maganinsa da sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, shi kuwa dutse yana shanye shi, sinadarin kuma yana kashe dodon koɗi da jatan lande. In cutar ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifin an bar shi fayau wajen mako 11. Ɗaya cutar, Brooklynella, har ciwon kilaun ake ce mata: yauƙi mai kauri kamar fata na saɓulewa, haki, ƙin abinci, kuma tana kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganinta wankan fomalin ne bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, da safar hannu, a wuri mai iska. Tsoma kifin minti 3 zuwa 5 a ruwan da ba gishiri, mai zafi da pH ɗaya da na tanki, yana sassauta masa kafin a samo maganin.

Ranar saki, su shiga tare, fitila a kashe har washegari.

8. Makonni biyu na farko: gane faɗa da sulhu

Za a yi kora, kada hankalinka ya tashi. Babbar za ta taso wa ƙaramin, shi kuma ya karkata gefe ɗaya ya kama karkarwa kamar wuta ta ja shi, daƙiƙa biyu ko uku. Mutane da yawa sun ɗauka farfaɗiya ce ko cuta. Mubaya'a ce: yana gaya mata ya yarda ita ce babba. In kana ganin haka, kuma yana cin abinci, kuma da dare suna kwana kusa da juna, aure ya kama hanya. Korar za ta riƙa raguwa cikin mako ɗaya zuwa uku, ko da yake ba ta ƙarewa ƙaf. Uwargida takan tuna masa matsayinsa lokaci-lokaci.

Alamun da ke cewa ka sa baki su ne waɗannan: sun kama bakin juna suna juyi, ana maimaitawa kwana biyu babu mai karkarwa, jela ko fukafukai sun yayyage, ɗaya ya maƙale a kusurwar sama ko bayan filta, launinsa ya koɗe, an hana shi abinci kwana biyu a jere.

Abin yi: kama mai korar, ba wanda ake kora ba. Sa ta a kwandon roba mai ƙofofi ko akwatin raga a rataye cikin tankin, tana ganinsa ba ta isa gare shi, kwana 5 zuwa 7. Shi kuma ya samu ya ci ya murmure ya san lungunan gidan. Kafin ka sake ta, sauya jerin duwatsun, ka sake ta da dare. A wajen ciyarwa zuba abinci a kusurwa biyu lokaci guda. In an yi haka sau biyu ba a daina kama baki ba, kusan tabbas mata biyu gare ka. Babu dabarar da za ta gyara wannan, sai a mayar da ɗaya. Shi ya sa yana da kyau ka yi wannan yarjejeniya da mai shago tun ranar saye.

9. Abinci da aikin mako

Sau biyu a rana, ƙwayoyin abincin kifin teku masu girman milimita 1, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Ƙwaya biyar ko shida ga kowanne ta isa. Sau biyu a mako a ba su daskararren mysis, wasu 'yan ƙananan halittu masu kama da jatan lande, ko ɗanyen jatan lande da aka yanka sala-sala aka ɗauraye. Busasshen kirafish na miya mai hayaƙi ba nasu ba ne. Daskararren abincin da ya narke saboda rashin wuta ya sake daskarewa, zubar da shi. Kilaun kullum roƙo yake a gaban gilashi; mutum ɗaya a gida ya riƙe aikin ciyarwa, in ba haka ba kowane yaro zai zuba nasa.

Kullum: dubi zafi, ka cike ruwan da ya ƙafe. Yi alama da tef a jikin gilashi daidai bakin ruwa. Gargaɗi: ana cikewa da ruwan RO zalla, ba na gishiri ba. Ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Mai cikewa da ruwan gishiri zai wayi gari a 1.030 bai sani ba. Da fanka a kunne, ko a lokacin hunturu tsakanin Disamba da Janairu, tankin kan sha lita ɗaya ko fiye a rana.

Kowane mako: zuƙe lita 7 da tiyo kana bin saman yashi, mayar da sabon haɗi mai zafi da gishiri ɗaya. Matse soson filta a cikin ruwan da ka zuƙe, ba a famfo ba. Goge gilashi, goge farin gishirin da ke taruwa a baki da kan wayoyi. Gwada: amoniya da NO2 sifili, NO3 ƙasa da 20, pH tsakanin 8.0 da 8.4. Hannu mai mai, ko turare, ko sabulu, ba ya shiga ruwa.

10. Anemoni, maƙwabta, da ranar da ɗaya ya mutu

Ba sa bukatar anemoni, halittar nan mai yatsu da suke kwanciya a ciki a teku. Tana son fitila mai ƙarfi da tankin da ya haura wata shida, tana yawo har famfo ya markaɗe ta, in kuma ta mutu a lita 75 takan tafi da kowa. Inda wuta ba ta da tabbas, a haƙura da ita. Ƙaramar tukunyar ƙasa ta shuka fure, sabuwa marar fenti, a kwantar da ita a gefe, ta ishe su ɗaki. Wasu ma kusurwar tanki ko jikin famfo za su zaɓa su yi biris da tukunyar.

Maƙwabta: dodon koɗin teku huɗu ko biyar bayan gansakuka ta fara fitowa, jatan lande mai share jikin kifi guda ɗaya, in an matsa ƙaramin kifin gobi ɗaya mai zaman ƙasa. Ban da kifin damsel, ban da shuɗin tang da yara ke nacin a saya. Wannan kifin tankin ɗaruruwan lita ne.

Bayan shekara ɗaya zuwa biyu za ka iya ganin suna goge wani dutse da baki, sai ƙwai masu launin lemo a manne. Namijin ne ke yi musu fifita, su ƙyanƙyashe da dare bayan kwana 7 zuwa 10. A tankin gida filta ke kwashe 'ya'yan. Renonsu sai da tanki daban da abinci mai rai ƙanana ƙwarai. A wannan lokacin macen takan ƙara zafi, ta ciji hannu.

Kifin nan na haura shekara 10 in an kula da shi, don haka wata rana ɗaya zai riga ɗaya. Kada ka garzaya shago a ranar. Gwada ruwa, ka jira mako 4 ka tabbata ba cuta ba ce. Sannan ka ɗauka cewa wanda ya rage mace ce: in macen ce ta rage, a bayyane yake, in namijin ne, zama shi kaɗai na 'yan makonni ya isa ya fara rikiɗa. Saboda haka sabon da za ka kawo ya zama ɗan ƙarami sosai, bai wuce rabin tsawonta ba, daga cikin garken yara, ba wanda ya daɗe shi kaɗai a tanki ba. Bayan killacewa, shi za a sa a kwandon raga a cikin tankin kwana 3 zuwa 5. In ta zo ta duba shi ya yi mata karkarwa, ita kuma ta koma harkarta, buɗe masa da dare. In tana ta dukan kwandon da baki, ƙara masa kwana uku.